Zauren Amsa Tambayoyi: Karatun Tallan Wasanni a Jami'a

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kwas ɗin tallan wasanni da jami'o'i da kwalejoji da dama suke bayarwa yanzu. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Na kusa gama sakandare. Babu abin da nake so kamar ƙwallon ƙafa, na san 'yan wasan manyan ƙungiyoyi kaf, har da tarihinsu. An ce mini akwai kwas na tallan wasanni. Mene ne ainihinsa, kuma ya dace da ni?
Daga ɗalibi mai shirin shiga jami'a

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Bari mu fara da abin da ba kowa ke gaya wa masu neman wannan kwas ba: karatun kasuwanci ne daga farkonsa har ƙarshensa, wasa kuwa shi ne hajar da ake sayarwa. Sanin 'yan wasa zai sa ka ji daɗin aji, amma ranar da ka je neman aiki, duk wanda ke layi tare da kai ya san su. Abin da za a tambaye ka shi ne ko ka taɓa sayar da wani abu, kuma ko za ka iya cika kujeru ranar wasan da ba shi da armashi.

Fannin yana da reshe biyu. Na farko shi ne tallata wasan kansa: tikiti, rajistar zama mamba, riguna, da haƙƙin nuna wasa a talabijin ko intanet. Na biyu shi ne tallata wata haja ta hanyar wasa, inda banki ko kamfanin jirgin sama ko na waya zai biya kuɗi don a haɗa sunansa da ƙungiya ko gasa. Coca-Cola yana tare da gasar Olamfik tun 1928 a Amsterdam. Kamfanin jirgin sama na Emirates ya ƙulla yarjejeniyar fam miliyan 100 da Arsenal a 2004, sabon filin da aka buɗe a 2006 ya ɗauki sunansa.

Kuɗin babbar ƙungiya ta ƙofa uku suke shigowa: abin da aka samu ranar wasa, kuɗin nuna wasa, da kuɗin masu ɗaukar nauyi haɗe da cinikin kaya. Ƙofa ta biyu ce ta sauya fuskar ƙwallo. Lokacin da aka kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992, an sayar da haƙƙin nuna ta kan fam miliyan 304 na shekara biyar. Daga 2016 zuwa 2019, na cikin gida kaɗai ya haura fam biliyan 5 na shekara uku. A kakar 2023/24 Real Madrid ta zama ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta farko da kuɗin shigarta suka wuce yuro biliyan 1 a kaka ɗaya.

To me ya sa aka ware masa kwas na kansa? Saboda hajar baƙuwa ce. Mai sayar da sabulu ya san abin da ke cikin kwalinsa. Kai kuwa za ka sayar da tikiti ba ka san ko za a ci ƙungiyarka huɗu da nema ba. Shi ya sa darasin farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne kada ya gina talla a kan alkawarin nasara. Abin da ke hannunka za ka sayar: shiga fili ba turereniya, wurin zama mai aminci da magidanci zai iya kawo iyalinsa, sauti da haske masu kyau, da jin cewa mutum yana cikin 'yan uwansa. Abu na biyu, hajar ba ta kwana. Kujerar da ba a sayar ba kafin alƙalin wasa ya busa usur ta tafi ke nan, ba a mayar da ita sito.

Idan digirin na shekara huɗu ne, shekara biyun farko galibi tushen kasuwanci ne: gabatarwar talla, lissafin kuɗi, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci da rubutun ofis. A nan za ka haɗu da ginshiƙai huɗu da Jerome McCarthy ya tsara a 1960, wato haja, farashi, wurin sayarwa da yayatawa. A shekara ta uku ake shiga cikin wasanni sosai: ɗaukar nauyi, sayar da tikiti, shirya gasa da kula da fili, dokar wasanni, tallan intanet, da halayyar magoya baya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi daɗi a ganinmu. Robert Cialdini da abokan aikinsa sun nuna a 1976 cewa ɗaliban jami'a sun fi sa rigar makarantarsu bayan ta yi nasara, kuma sukan ce "mun ci" idan an ci, "sun sha kashi" idan an faɗi. Daniel Funk da Jeff James kuma a 2001 sun kasa mai goyon baya hawa huɗu: ya san da ƙungiyar, ta fara burge shi, ya shaƙu da ita, ya zama na har abada. Aikinka shi ne ka ɗaga mutum daga hawa zuwa na gaba, kuma saƙon da ke jawo na hawan farko ba shi ke riƙe na hawan ƙarshe ba. Shekara ta huɗu ta horon sanin makamar aiki ce da kundin bincike.

Ko ya dace da kai? Gwada kanka kafin ka cike fom. Nemi wata ƙaramar gasa, ko ta makarantarku, ka ce za ka sayar musu da tikiti ko ka nemo mai ɗaukar nauyi ɗaya. Idan mutum goma sun ce maka a'a kuma ka iya tunkarar na sha ɗaya da fara'a, akwai alamar za ka iya.

Tambaya: Yarona ya nace sai wannan kwas. Ni kuma ina ganin gara ya karanta harkar kasuwanci zalla, kada ya ƙuntata wa kansa. Karatu ne na gaske kuwa? Idan na yarda, yaya zan gane makaranta mai kyau?
Daga wani mahaifi

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma ba za mu ɓoye maka ba, shawararka ma hanya ce mai ɓullewa.

Karatun na gaske ne, kuma ba jiya aka fara shi ba. Jami'ar Ohio da ke Amurka ta buɗe digiri na biyu a kan gudanar da wasanni tun 1966. Sana'ar kanta ta ɗan girmi hakan: a 1960 lauya Mark McCormack ya fara wakiltar ɗan wasan golf Arnold Palmer, daga nan kamfanin IMG mai wakiltar 'yan wasa ya samo asali. Gasar Olamfik ta Los Angeles ta 1984, wadda Peter Ueberroth ya shirya da kuɗin kamfanoni da na talabijin, ta bar rarar da ta wuce dala miliyan 200, kuma a 1985 kwamitin Olamfik na duniya ya kafa tsarinsa na manyan masu ɗaukar nauyi. Tun daga lokacin ake buƙatar mutanen da suka san wannan aiki a matsayin sana'a.

Hanyoyi biyu ne a gaban yaronka. Ko dai ya yi digirin tallan wasanni kai tsaye, ko ya yi digirin talla ko kasuwanci zalla, ya riƙa ɗaukar darussan wasanni na zaɓi, ya kuma yi duk horonsa na hutu a ƙungiyoyi da gasa. Masu ɗaukar aiki suna karɓar duka biyun. Ta biyun ta fi faɗi, domin guraben aiki a wasanni kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, don haka albashin farko yakan gaza na sauran fannonin talla. Ta farkon tana da riba ɗaya babba, wato sanayya, idan makarantar tana da ita. Idan ba ta da ita, ribar ta tafi.

Saboda haka kada ku tsaya a kan hotunan ƙasidar talla. Ku fara da duba tsangayar da kwas ɗin yake. A wasu jami'o'i yana ƙarƙashin tsangayar kasuwanci, a wasu yana ƙarƙashin sashen motsa jiki. Ku karɓi jerin darussa ku ƙirga: idan babu lissafin kuɗi, babu ƙididdiga, babu darasin sayarwa, to suna ne kawai aka liƙa wa kwas ɗin. Sannan ku tambayi malaman nawa ne suka taɓa aiki a ƙungiya, hukumar wasanni ko kamfanin talla. Ku tambaya ko horon aiki dole ne, wata nawa ne, kuma makarantar ce ke nema wa ɗalibi wuri ko shi zai yi ta yawo da takarda. Tambayar da ta fi kowacce tona asiri ita ce: waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce, ina suke aiki yanzu? Makarantar kirki za ta haɗa ku da biyu ko uku daga cikinsu ku ji daga bakinsu. Daga ƙarshe ku tabbatar hukumar da ke kula da jami'o'in ƙasar ta amince da kwas ɗin. A Amurka akwai COSMA mai tantance kwasa-kwasan gudanar da wasanni, akwai kuma AACSB mai tantance makarantun kasuwanci a ƙasashe da yawa.

Idan kun rasa matsaya, ga ra'ayinmu: digiri na farko mai faɗi, ƙwarewa a na biyu, bayan ya yi aiki shekara biyu ko uku. Akwai shirye-shirye sanannu na wannan mataki, kamar FIFA Master da aka fara a 2000, wanda ɗalibi ke yi a wuri uku: Jami'ar De Montfort a Leicester ta Ingila, makarantar SDA Bocconi a Milan ta Italiya, da Jami'ar Neuchâtel a Suwizalan. Jami'ar Loughborough a Ingila ita ma ta yi suna a karatun wasanni. Irin waɗannan suna da tsada kuma shigarsu da wuya, shi ya sa ya fi kyau mutum ya je musu bayan ya tabbatar nan ne zai zauna.

Tambaya: Ina son kwas ɗin amma ina tsoron lissafi. Yaya yawansa yake? Kuma mace tana da wuri a wannan harka?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, lissafin da ake buƙata bai wuce kaso cikin ɗari, matsakaici, da karanta jadawali ba, sai ɗan abin da za a ƙara miki a darasin ƙididdiga. Amma kullum za ki yi shi. Ga misalai biyu da muka ƙirƙira don ki ga irinsa.

A ce ƙungiya tana da masu tikitin kaka 4,000, wato waɗanda suka biya kuɗin dukan wasannin kakar gaba ɗaya. Kaka ta ƙare, 3,200 suka sabunta, wato kashi 80 cikin 100. Ma'anarsa sai kin nemo sababbin mutum 800 kafin ki dawo inda kike bara. Idan kika ɗaga masu sabuntawa zuwa kashi 90, mutum 400 kawai za ki nema, kuma riƙe tsohon mai saye ya fi nemo sabo sauƙi da araha. Ta yaya za ki san wanda zai gudu? Daga na'urar da ke karanta tikiti a ƙofa. Wanda ya biya kuɗin kaka amma ya daina zuwa, shi ne ke kan hanyar fita. A kira shi a tsakiyar kaka a ji damuwarsa, kada a jira sai lokacin sabuntawa.

Na biyu shi ne tarkon rangwame, wanda sababbin ma'aikata suke yawan faɗawa. A ce farashin tikiti ɗaya 100 ne a kowane irin kuɗi, mutum 5,000 suke zuwa, ana samun 500,000. Kika rage kashi 20, ya koma 80. Kafin ki mayar da 500,000 ɗin sai mutum 6,250 sun zo, ƙarin kashi 25 ke nan. Idan 5,500 suka zo, fili ya ɗan ƙara cika, kowa yana murna, amma kin tashi da 440,000. Ga kuma ɓarnar da ba ta fitowa a lissafi: wanda ya biya kuɗin kaka tun farko ya ga na kusa da shi ya shigo da araha, baɗi shi ma zai jira rangwame. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma sa farashi daban-daban gwargwadon girman wasa da wurin zama. San Francisco Giants ta wasan besbol ta gwada farashi mai hawa da sauka a 2009, ta faɗaɗa shi zuwa dukan filinta a 2010.

Ki koyi manhajar lissafi ta Excel da kyau tun shekarar farko, musamman tace bayanai da taƙaita su a jadawali. Ɗalibar da ta iya wannan ta riga rabin ajinta.

Batun mace kuwa, wurin yana nan, kuma yana ƙara buɗewa. A watan Afrilun 2022 mutum 91,648 suka kalli matan Barcelona da na Wolfsburg a Camp Nou. Wasannin mata suna neman masu tallata su da suka fahimci cewa 'yan kallonsu ba lallai su zama irin na wasan maza ba.

Tambaya: Ina shekara ta uku. An ba mu aikin rubuta takardar neman mai ɗaukar nauyi ga wata ƙaramar ƙungiya, kuma za mu kai ta ga kamfanoni da gaske. Na aika wa guda takwas, ko amsa ban samu ba. Ina kuskuren yake?
Daga ɗalibi a sashen kasuwanci

Amsa: Ɗan'uwa, ba mu ga takardarka ba, amma mun san ciwon da ke kashe irinta: ana rubuta ta kamar takardar neman taimako. "Ƙungiyarmu tana buƙatar riguna da kuɗin mota, ku agaza mana." Manajan talla ba ya da kasafin agaji. Yana da haja da yake son sayarwa da shugaban da zai tambaye shi me kuɗin suka jawo. Takardar da ta amsa masa wannan tambaya ita ake karantawa.

Fara da ƙirga abin da ƙungiyar ta mallaka wanda za a iya sayarwa. Gaban riga, hannun riga, rigar atisaye, allunan gefen fili, allon bayan mai hira da 'yan jarida, sanarwa ta lasifika, shafukan sada zumunta, kyautar gwarzon wasa, wurin kafa rumfa a ƙofar shiga, kujerun manyan baƙi, da ranakun da 'yan wasa za su halarci taron kamfani. Rubuta kowanne da adadinsa: allo nawa, tsawon mita nawa, wasa nawa a kaka.

Daga nan ka san mutanenka da alƙaluma. Mutum nawa ke zuwa kowane wasa, shekarunsu, sana'arsu, nisan da suke tahowa. Idan ƙungiyar ba ta da wannan, tsaya a ƙofa wasa uku a jere da takarda mai tambaya shida ko bakwai, ka samu amsar mutum 200 zuwa 300. Kada ka ƙara ko mutum ɗaya a kan gaskiya. Kamfani yakan turo wakili ya ƙirga da idonsa, kuma ranar da aka kama ka da ƙari, ƙofar ta rufe ga duk wanda zai zo bayanka.

Sai zaɓen kamfani. Takwas da aka aika wa takarda iri ɗaya ba su kai uku da aka yi wa nazari ba. Nemi wanda masu sayen kayansa su ne 'yan kallonka, ko wanda ya fito da sabuwar haja, ko wanda abokin hamayyarsa ya riga ya shiga wasanni. Ka nemo sunan wanda ke riƙe da kasafin talla, domin takardar da aka rubuta wa "wanda abin ya shafa" ba ta shafar kowa. Kuma kafin ka rubuta komai, roƙi ganawar minti ashirin, ka je da tambayoyi: me kuke son cimmawa bana, su wa kuke son kaiwa gare su, da me kuke auna nasara? Zuwa da kai ya fi aike. Bayan ganawar ne za ka rubuta tayin, shafi biyar zuwa takwas, da kalmomin da shi ya yi amfani da su.

Lokaci ma yana kashe tayi. Kamfanoni suna rufe kasafinsu watanni kafin shekarar kuɗinsu ta fara, don haka a tunkare su wata shida zuwa tara kafin kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen sa farashi, lissafa abin da cika alkawarin zai ci: buga alluna, ɗinka tambari, tikitin kyauta, lokacin ma'aikata. Wannan shi ne ƙasan da ba za ka sauka ƙarƙashinsa ba. Sannan duba abin da kamfanin zai kashe don isa ga mutane masu wannan yawa ta rediyo ko intanet, ka ɗora darajar keɓancewa, wato alkawarin cewa babu wani banki sai shi, babu wani kamfanin waya sai shi. Ka fayyace iyakar keɓancewar a rubuce. Idan ka ba banki "harkar kuɗi" gaba ɗaya, ka rufe wa kanka ƙofar kamfanin inshora da na tura kuɗi ta waya a farashin ɗaya.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne raya yarjejeniyar. Tambari a riga shi kaɗai ba ya sayar da komai. Dole tayinka ya nuna abin da za a yi da shi: rumfar buɗe asusu a ƙofa, gasar hasashen sakamako da ke tara lambobin waya da izinin masu su, horon yara da sunan kamfanin. Masana da yawa suna ba kamfani shawarar ya ware aƙalla kwatankwacin abin da ya biya ƙungiya don wannan aiki. Ka faɗa masa haka tun farko, domin idan bai yi ba, ƙarshen kaka zai ce ɗaukar nauyin bai yi amfani ba, laifin kuma a kanka zai sauka.

A cikin kwantiragi a rubuta me zai faru idan ƙungiya ta faɗa rukunin ƙasa, ko aka buga wasa ba 'yan kallo kamar yadda annobar 2020 ta tilasta, ko wani ɓangare ya jawo abin kunya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ado ba ne: saboda abin kunya ne kamfanin Accenture ya rabu da ɗan wasan golf Tiger Woods a Disambar 2009, Nike kuma ya rabu da ɗan tseren keke Lance Armstrong a Oktobar 2012. A kuma rubuta yadda za a kare mai ɗaukar nauyi daga tallan kwanton ɓauna, inda kamfanin da bai biya ba yake raɓar gasa har jama'a su ɗauka shi ne mai ita. A Olamfik ta 1984 kamfanin fim ɗin hoto na Fuji ne ya biya, amma abokin hamayyarsa Kodak ya ɗauki nauyin nuna gasar a talabijin ɗin Amurka. A Atlanta a 1996 Reebok ne na hukuma, Nike ya cika gari da alluna. A ƙaramar ƙungiya abin yakan zo da sauƙi: abokin hamayya ya raba huluna kyauta a bakin ƙofa.

Kaka ta ƙare, kai wa kamfanin rahoto cikin wata ɗaya: abin da aka yi alkawari, abin da aka cika, hotuna, alƙaluma, da inda aka gaza tare da yadda za a rama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan rahoto shi ne rabin tayin shekara mai zuwa.

Tambaya: Gaskiya ne cinikin riguna kaɗai yana mayar wa ƙungiya kuɗin da ta sayi babban ɗan wasa?
Daga mai bibiyar wannan fili

Amsa: A'a, malam. Mafi yawan kuɗin riga suna tafiya ga kamfanin da ya ɗinka ta da 'yan kasuwar da suka sayar. Ƙungiya tana karɓar kuɗi tsayayye duk shekara daga kamfanin, kamar yarjejeniyar fam miliyan 750 ta shekara goma da Adidas ya fara da Manchester United a 2015, sai ɗan kaso a kan kowace riga wanda da wuya ya wuce kashi 20 cikin 100, sau da yawa ma sai ciniki ya haura wani adadi kafin kason ya fara. Ƙari a kan haka, da yawan masu sayen rigar sabon ɗan wasa dama za su sayi rigar ƙungiyar, suna kawai suka sauya. Inda tauraro yake kawo kuɗi shi ne teburin sabunta yarjejeniya da masu ɗaukar nauyi, da wasannin sada zumunta na ƙasashen waje.

Tambaya: Da wannan digiri zan iya zama wakilin 'yan wasa?
Daga wani matashi

Amsa: Zai taimaka maka wajen nema wa ɗan wasa tallace-tallace, amma ba shi ne lasisi ba. A ƙwallon ƙafa FIFA ta dawo da jarrabawar wakilai a 2023, kuma tambayoyinta a kan dokokin hukumar suke, musamman na sauya sheƙa da matsayin 'yan wasa. Sauran wasanni kowanne da tsarinsa. Idan nan ka nufa, ƙara da darussan dokar kwantiragi, ka nemi aiki a ƙarƙashin wakili mai lasisi tukuna.

Tambaya: Saura mini shekara ɗaya in gama. Wane irin aiki zan sa rai da shi, kuma me zan yi yanzu don kada in fito hannu rabbana?
Daga ɗaliba a ajin ƙarshe

Amsa: Ƙanwata, ƙofar da ta fi faɗi ita ce sayarwa: tikitin kaka, tikitin rukuni ga makarantu da ma'aikatu, kujerun manyan baƙi. Aiki ne na waya da bin mutane, kira da yawa a rana, akasari da ƙaramin albashi haɗe da kamasho. Ɗalibai suna raina shi, mu kuwa muna ganin babu makarantar da ta kai shi, domin a nan za ki ji da kunnenki dalilin da ya sa mutane suke saye da dalilin da ya sa suke ƙi. Sauran ƙofofin su ne kula da masu ɗaukar nauyi, shafukan sada zumunta, shirya ranar wasa, da nazarin bayanai. Kada ki taƙaita nemanki ga shahararrun ƙungiyoyi. Hukumomin wasanni, kamfanonin talla, masu kayan wasanni, gidajen talabijin, masu shirya gudun fanfalaki, da sassan talla na kamfanonin da ke ɗaukar nauyi duk suna ɗaukar irinku. A ƙaramar ƙungiya za ki taɓa komai cikin shekara ɗaya, a babba kuwa kina iya shekara biyu a kan abu ɗaya. Ki sani kuma lokacin hutun jama'a shi ne lokacin aikinki: dare, ƙarshen mako, ranakun biki.

A shekarar da ta rage, tara shaidar aiki guda uku masu alƙaluma. "Na taimaka wajen talla" ba ya cewa komai. "Na sayar da tikitin rukuni 140 ga makarantu shida cikin mako biyar" yana buɗe ƙofa. Ajiye tayin ɗaukar nauyi ɗaya da kika rubuta, rahoton jin ra'ayin 'yan kallo ɗaya, da kamfe ɗaya na intanet tare da sakamakonsa, ko da bai yi kyau ba, muddin za ki iya bayyana dalili.

Kurakuran da ke ɓata wa masu horo suna sanannu ne. Neman hoto da 'yan wasa a bakin aiki. Fitar da labarin rauni ko cinikin ɗan wasa da aka ji a ofis. Sa hoto ko bidiyon wasa a shafin ƙungiya ba tare da duba wanda ya mallaki haƙƙinsa ba, alhali sau da yawa na gasar ne ko na gidan talabijin. Tura saƙon talla ga lambobin da masu su ba su ba da izini ba, abin da dokoki irin su GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, suke hukuntawa da tara mai nauyi. Da kuma auna nasara da yawan masu danna alamar so, maimakon yawan waɗanda suka sayi tikiti ko suka yi rajista.

Akwai tambayar da ya kamata ki amsa wa kanki tun kafin a ba ki aiki: wace haja ce ba za ki tallata ba? Kuɗin kamfanonin caca da na barasa suna da yawa a wasanni, kuma muhawara a kansu tana da zafi ko a cikin harkar. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Ranar ganawar neman aiki, tambayi jerin masu ɗaukar nauyin wurin da kuma kamfanin da za a ɗora ki a kan huldarsa, ki ji amsar kafin ki sa hannu.